Sawun Taraktar Alhaji Ɗanbaba

An samu taraktar da ta ɓace daga gidan marigayi Alhaji Ɗanbaba na Jiga Makera bayan kwana ɗaya, a Maiyama, ko ƙusa ba a cire a jikinta ba. Ba a kama kowa ba. Wanda ya fara amsa laifi a gaban jama'a shi ne mutumin da aka ɗauko don ya nemo ɓarawon: Mamuda Mai Sawu na Kimba, ɗan shekara saba'in da ɗaya, wanda tun yana saurayi ake kiransa idan sa ko raƙumi ya ɓace tsakanin Jega, Aliero da Maiyama.

Abin ya faru ne wata Juma'a a farkon daminar 2024. Taraktar shuɗiya ce, tsohuwar ƙira. Tun 1996 da injinta ya tsaya take kan duwatsu a tsakar gidan ta baya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Da aka raba gado ta faɗa hannun Waliyyu, babban ɗan marigayin, manomin albasa. Ya rantse sai ta sake huɗa. Ya ɗauko wani bakanike daga Jega mai suna Haidar, wanda ya yi wata uku yana zuwa yana kwance ta yana ɗaurawa. Ranar Laraba ta tashi, har yara suka yi ta ihu. Ranar Alhamis aka yi ruwa. Ranar Juma'a mazan garin suka tafi masallaci a Jiga Birni, da suka dawo sai duwatsu huɗu da kaji.

*

Mamuda ya iso bayan la'asar da sandarsa ta gora. Ya tarar da rabin gari a ƙofar baya, kowa da wanda yake zargi. Wasu sun ce baƙi ne, wasu sun ce 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe.

"Ku ja baya," in ji shi. "Kun taka mini rabin magana."

Sawun a fili yake cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa: layi biyu masu faɗi, kowanne da zane kamar kan kibiya, ɗaya bayan ɗaya. Kamaluddeen, ƙanen Waliyyu, yana tsugune a kai. Shi a Birnin Kebbi yake zaune, ya taɓa tuƙa tarakta a wata gona, kuma bai taɓa tsayawa ya dubi ta ubansa da kyau ba, don a ganinsa shara ce.

"Baba, wanga ba sawun tamu ba ne," ya ce. "Tsinin zanen taya kullum baya shika kallo, inda mota taf fito. Wanga ko waje shika kallo. Ke nan shigowa anka yi, ba fita ba."

"To da tas shigo, ta ina taf fita?" wani ya tambaya daga baya. "Sama?"

"Ko ɓarawon da baya-baya yat tuƙa ta har Aliero," in ji wani. Aka yi dariya.

Mamuda bai yi dariya ba. Ya sa tsinin sandarsa cikin zanen, ya daɗe bai ɗaga ba. Ya san wannan sawun. Wannan ne karo na uku da ya gan shi a rayuwarsa.

Ya shiga gidan ya duba. Abu uku ya gani, bai faɗa wa kowa ba. Ƙyauren baya, wanda taraktar ta bi, daga ciki aka sa masa sakata. A tsakar gida an bi kan sawun da tsintsiya, shara gajere-gajere irin ta wanda ba ya iya sunkuyawa sosai. Na uku kuma, tarakta ce da ƙararta ke kai wa ƙarshen gari, ta tashi da rana tsaka, amma duk matar da aka aika aka tambaya sai ta ce ita tana daka, ba ta ji komai ba.

Waliyyu ya rako shi waje. Idonsa ja.

"Baba Mamuda, abin Alhaji ke nan da yas saura mini. Na ba ka zuwa Lahadi. Litinin in ba ta fito ba, wurin 'yan sanda za ni, kuma duk sunan da kab ba ni, shi zan kai."

"Allah shi kai mu," in ji Mamuda.

*

Karo na farko da ya ga sawun, 1989 ne, yana ɗan shekara talatin da shida. Wata ƙungiyar manoman fadama a Maiyama ta wayi gari jar taraktarta ba ta cikin rumfarta. Aka kira Mamuda. Shi kofato ya sani, ba taya ba, amma bai faɗi haka ba. Da safen nan wani malamin gona ya koya masa ƙa'idar da Kamaluddeen ya maimaita: tsini baya yake kallo.

Sawu biyu ya tarar a bakin rumfar. Ɗaya ya haɗa ta da unguwar da direban taraktar, Idris, yake zaune. Ɗaya ya haɗa ta da babbar hanyar Jega. Mamuda ya bi ƙa'ida, ya ce na hanyar Jega tsohon sawun shigowa ne, na gidan Idris kuwa shi ne na fita. Ya bi shi har ƙofar gidan, ya dangwara sandarsa a ƙasa, jama'a na biye. Idris ya yi ta rantsuwa cewa jiya da yamma daga gida ya kawo ta rumfa, sawun kawowa ne. Ya ce shi da hannunsa ya juya tayoyin baya. Ba wanda ya saurare shi, don taraktar da za a duba ba ta nan, kuma mai sawu ya riga ya yi magana. Aka ce ya kai ta gida ya miƙa wa abokan sata. Alƙali ya ɗaure shi wata goma sha takwas. Da ya fito bai kwana uku a Maiyama ba ya bi motar albasa zuwa kudu.

Karo na biyu, 1991. Mamuda ya zo Jiga Makera neman wani bijimi, sai ga shuɗiyar tarakta ta wuce shi a kan burtali, Alhaji Ɗanbaba a kai, yana ɗaga masa hannu. Mamuda ya dubi ƙasa, kamar yadda ya saba. Tsinin zanen yana kallon inda take tafiya. Ya tsaya a wurin har ƙararta ta ɓace.

A lokacin sunansa ya riga ya kai Argungu, kuma shari'ar Maiyama ce ta kai shi. Ranar nan a gidan Alhaji Ɗanbaba ya ci tuwo. Ya wanke hannu ya koma Kimba. Shekara talatin da uku bai faɗa wa ko matarsa ba.

*

Asabar da safe ya fara da Aliero, duk da ya san ba can amsar take ba. Shehu Mai Gwangwan yana zaune kan wata tsohuwar taya a filinsa, tsakanin gadajen ƙarfe da injinan ban-ruwa da suka mutu.

"An ce ka taɓa zuwa ganin taraktar," in ji Mamuda.

"Awo. Kamaluddeen yak kai ni bara, kafin rabo. Na ce in sun shirya in auna ta. Yayan nai yak kore ni kamar na zo neman matatai." Shehu ya tofar da goro. "Baba, ni gawa nika saye. Ranar da nij ji ta tashi, na ce shi ke nan, ta fi ƙarfina."

"Jiya da azahar kana ina?"

"Masallacin Jiga Birni, sahu na biyu, kusa da Kamaluddeen ɗin. Har ƙafa yat taka mini. Ka tambaye shi." Ya dubi Mamuda ta gefen ido. "Kai ma ka san wagga ba motar da kowa ka hawa shi murɗa makulli ba ce. An ce sai an lallashe ta kamar amarya. Mutum guda yas san lallashinta."

Mamuda ya sani. Ya yi sallama ya fita bakin kwalta.

Kwalta ba ta riƙe sawu, amma tsohon inji yana zubar da baƙin mai. Daga inda hanyar Jiga ta haɗu da babbar hanya ya sami ɗigo na farko, baƙi, mai faɗin kwabo. Ya ƙirga taku arba'in ya sami na biyu, wani arba'in ya sami na uku. Duk a gefen da mai zuwa Jega yake bi. Ya hau mota. A mararrabar Jega ya sauka ya yi ta zagaye har masu kabu-kabu suka fara tambayarsa ko kuɗi ya yar. Ɗigon bai shiga gari ba. Ya karkata kudu, hanyar Maiyama.

Ya tsaya a bakin hanyar ya dubi kudu. Sannan ya juya ya shiga Jega tukuna.

*

Garejin Haidar rumfar kwano ce a bayan tasha. Haidar mutum ne mai kimanin shekara arba'in, siriri, marar yawan magana. Yana wanke wani ƙarfe a cikin kwanon fetur. Ya ture wa Mamuda benci da ƙafa, ya gaishe shi yadda ya kamata, bai tambayi abin da ya kawo shi ba.

"An ce ba a gan ka masallaci jiya ba," in ji Mamuda.

"Jega masallatai da yawa, Baba."

"Haka ne. Wagga tarakta, wace iri ce? Waliyyu ya ce uban nai sabuwa yas sawo ta Sakkwato."

"Haka yac ce mini. Sai dai farantin da ka ɗauke da lambarta an ɓalle shi da kurfi. Lambar jikin inji kuma an goge ta da zarto. Na kai hoton injin wurin tsofaffin sana'a, sunka ce irin wagga ba a taɓa yin ta shuɗiya ba."

"Kai kuma mi kag gani?"

"Tsatsa nig gani. Ita anka kira ni in kankare."

Mamuda ya juya sandarsa a hannu. "Wata uku kana aiki, ka sa sabon tub, ka yi komi. Amma ka bar tayoyin baya a juye. Bakanike kamar kai bai ga kuskuren ba?"

"Ba kuskure ba ne." Maganar ta fito da sauri, kafin Haidar ya riƙe ta. "Da gangan anka juya su. In ta kafe cikin lakar fadama, da baya taka fita, zanen shi kama ƙasa. Direbanta na fari yay yi haka."

A Jiga Makera ba wanda ya taɓa sanin taraktar ta yi wani direba kafin Alhaji Ɗanbaba. Wanda ya san dalilin juya tayoyin nan, a Maiyama ya ji shi, kuma a gida ɗaya.

"Kai ɗan wa ne?" Mamuda ya tambaya, muryarsa ƙasa.

Haidar ya tsame hannunsa daga fetur ya goge a tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Shekarata biyar ranar da kad dangwara wagga sanda ƙofar gidanmu. Ina bayan zanen innata. Kawuna yad ɗauko ni nan bayan an ɗaure shi, don yara sun hana ni fita." Ya rataye tsumman. "Ka je ka faɗa musu, Baba. Wanga karon ba ka yi kuskure ba. Ni nit tuƙa ta."

"Wa yab buɗe maka ƙyaure?"

"Wanga kuma ba ka jin shi bakina."

*

Da yamma Mamuda ya sauka a Maiyama. Bai buƙaci ɗigon mai ba, ƙafarsa ta san unguwar. Taraktar tana tsaye a ƙofar gidan, a daidai inda ya dangwara sanda shekara talatin da biyar da suka wuce. Ba a rufe ta da komai ba.

Ya zagaya ta. A kan ƙarfen da ke rufe tayar hagu, Haidar ya kankare shuɗin fenti da samfefa, faɗin tafin hannu uku. A ƙarƙashi ja ne. A kan jan kuma farin rubutu, ya dushe amma yana karantuwa: sunan ƙungiyar manoman, da kalmar Maiyama.

Wata tsohuwa ta fito da buta. Rahinatu ce, matar Idris. Ta dube shi, ta dubi sandar.

"Mai sawu," ta ce. "Ka sake biyo ta."

"Na biyo ta."

"To ga ta. Wanga karon ka iske ta. Sai ka kira mutane."

Ya shirya maganar neman gafara sau da yawa a kan hanyoyi da yawa, amma tambaya ce ta fito.

"Shina raye?" ya ce.

"Wa za ni tambaya? Saƙo nai na ƙarshe, Haidar na koyon aiki. Wani direba yak kawo, yac ce ya gan shi shina sauke buhuna wata kasuwa kudu. Ya ce a gaya mini ba shi dawowa garin da ana kiran shi ɓarawo." Ta zubar da ruwan butar a gindin bango. "Ni ba a sake ni ba, ban yi takaba ba. Haka nike."

Ta koma ciki. Mamuda ya zauna a kan dakalin gidan har aka kira magariba. Lissafin a bayyane yake. Idan ya ce Haidar ne ya ɗauke ta, ya yi shiru a nan, bai yi ƙarya ba, sunansa zai ƙara tsawo, kuma ranar Litinin za a zo wannan ƙofar a tafi da ɗa kamar yadda aka tafi da uba. Idan ya faɗi saura, duk wanda ya taɓa nunawa da sandar nan a shekara hamsin zai sami abin cewa.

*

Lahadi da hantsi aka taru a zauren maigarin Jiga Makera. Waliyyu da Kamaluddeen suna gefe ɗaya. Shehu Mai Gwangwan ya zo da kansa, ya ce yana so a wanke shi a inda aka ɓata shi. Haidar ya zauna kusa da ƙofa da kayan aikinsa a jiki. Waje ya cika.

"Malam Mamuda, muna saurare," in ji maigari.

"Ranka shi daɗe, tarakta na Maiyama, lafiya lau. Shehu ba shi ciki. Kamaluddeen ba shi ciki. Kuma Kamaluddeen ya yi gaskiya a ƙa'idar da yaf faɗi, sai dai wagga tarakta tayoyinta a juye suke. Sawunta ƙarya shika yi ma wanda bai san ta ba."

"Wa yak kai ta Maiyama?" Waliyyu ya katse shi.

"Haidar."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Waliyyu ya miƙe, ƙanensa ya riƙe masa riga. "Ni nib ba ka tuwo wata uku! Ni nib ba ka makullin gida!"

"Zauna, Waliyyu, ban ƙare ba," in ji Mamuda. Ya ajiye sandarsa a kan tabarma, a tsakiya, ya janye hannunsa. "Akwai mai laifi zauren ga da yag girme shi. Shekara talatin da biyar, anka sace jar tarakta Maiyama. Ni anka kira. Ban san taya ba, ban ce ban sani ba. Na karanta sawu a juye, na kai mutane gidan direba, Idris, uban wanga yaro. Ya gaya mini gaskiya, na ce ƙarya shika yi. Anka ɗaure shi. Wanga kuskure ne, Allah na gani. Amma bayan shekara biyu nig ga taraktar nan garin, da shuɗin fenti, nig gane ta. Lokacin Idris na da rai, ana sanin inda shike. Na yi shiru don kar a ce Mamuda ya ɓata sawu. Wanga ba kuskure ba ne."

Shehu ya daina tauna goro.

"Kana nufin Alhaji…" Waliyyu bai ƙarasa ba. "Ƙarya ne. Kun haɗa baki. Mutum na kabari za ku ɗora mai sata?"

"Rubutun na jikinta, ƙarƙashin fenti. Ka tafi ka karanta. Yadda tab baro Maiyama taz zo gidanku, ban gani ba, ba ni faɗin abin da ban gani ba. Na taɓa yi sau guda."

"To wa yab buɗe mai gida?"

"Sakata daga ciki anka sa ta," in ji Mamuda. "Iyakar abin da nika faɗi ke nan."

"Bari in sauƙaƙa maka, Malam Mamuda."

Muryar daga ƙofar cikin gida ta fito. Hajiya Amariya ce, uwar su Waliyyu, tana dogara da bango, matar maigari na riƙe da hannunta. Tun da aka fara take zaune a bayan asabari.

"Inna, koma gida," in ji Kamaluddeen.

"Na koma gida shekara talatin da biyar, ya isa." Ta zauna a bakin ƙofa da ƙyar. "Ni nib buɗe, ni nir rufe, ni nis share. Ni nic ce ma matan gari kowa ta kama dakanta. Ranar da yaron ga yak kankare ƙarfen nan, na kawo mai fura, nig ga ja ya fito. Nig ga ya tsaya shina kallon rubutun. Na ce, kai ɗan wa ne? Yaf faɗi. Na ce ranar da tat tashi, ka jira Juma'a."

"Inna, Alhaji sawo ta yay yi," in ji Waliyyu. Muryarsa ta zama ta yaro.

"Da asuba yas shigo da ita, ja, da laka jikinta. Wata bakwai tana cikin rumfar albasa an rufe ta da zana. Ni nid dama fentin. Ban tambaya ba, bai faɗi ba, sai ciwon ajali nai. Ya ce, Amariya, motar nan ta tsaya mini nan." Ta taɓa maƙogwaronta. "Ya ce in gaya muku. Na dube ku ranar rabo, ku biyu, kuna ja-in-ja kan abin ubanku, na kasa. Na ce in ta tafi shiru, sai ku yi kuka ku haƙura, shi kuma a sauke mai. Ban san za ku ɗauko mai sawu ba." Ta dubi Mamuda. "Wanga mai sawun kuma."

Waliyyu ya zauna. Ya dubi Haidar, ba da fushi ba, kamar wanda yake neman a nuna masa hanya.

"Mi yas sa ba ka gaya mini ba?"

"In ce maka mi? Kana ba ni labarin yadda shika ɗora ka bisa cinya shina huɗa." Haidar ya dubi ƙasa. "Ni ma an ce an ɗora ni. Kujera guda ce."

Maigari ya tambayi Waliyyu ko yana nan a kan batun Litinin. Waliyyu ya girgiza kai. Da aka tashi, Kamaluddeen ya ɗauki sandar gorar ya miƙa wa Mamuda. Mamuda ya ce a bar ta nan. Ya fita, jama'ar da ke waje suka buɗa masa hanya, ba wanda ya gaishe shi.

*

Ƙungiyar manoman ta watse tun da daɗewa. Mutum uku suka rage cikin waɗanda suka kafa ta, kuma biyu daga cikinsu suna cikin waɗanda suka bi bayan Mamuda zuwa gidan Idris. Sun ce taraktar ta zauna inda take. Waliyyu ya je Maiyama sau ɗaya, ya karanta rubutun, ya bar gwangwanin jan fenti biyu a ƙofar gidan ya tafi bai shiga ba. Haidar ya toshe inda mai ke zuba, ya kankare sauran shuɗin, ya mayar da ita ja. Bai taɓa tayoyin ba. A ƙarshen watan ta huɗe gonar Rahinatu.

Mamuda ya maimaita maganarsa a ƙofar masallacin unguwar su Idris a Maiyama bayan sallar Juma'a, da sunan Idris da sunan ubansa, aka rubuta ya dangwala yatsa. An kira shi neman shanu sau biyu bayan haka, bai je ba. An daina kira.

Yanzu ranakun lodi a Aliero ake ganinsa. Yana bin motocin albasa ɗaya bayan ɗaya, yana ba kowane direba kwafin takardar, yana faɗin kamanni: dogo, baƙi, da tabo a gira ta hagu, in yana raye ya kai saba'in da biyar. Wani direba ya ce ya san wani tsoho Bamaiyame a wata kasuwa a kudu, amma ya kwana biyu bai gan shi ba. Wani ya ce wancan ba Idris ne sunansa ba. Takarda sittin da ɗaya suka tafi. Har yau ba wadda aka amsa.